Sauyin Yanayi Tsakanin Nguru da Gashuwa: Magana da Masu Shakka

 

Sharhin yau a kan sauyin yanayi ne, kuma da masu shakka nake son mu fi yin magana. Na san suna da yawa. Akwai su cikin dattawa, akwai su cikin malamai, akwai su cikin matasa masu riƙe da waya. Ba na ganin laifinsu. Shekara da shekaru ana kawo wannan magana cikin Turanci, a ɗakunan taro na otal, da hotunan ƙanƙara tana narkewa a ƙarshen duniya, sannan a koma ana mamakin don me manomin Dagona bai damu ba. Mutumin da ke lissafin damin geron da zai kai iyalinsa wata damina ba zai ajiye fartanya don ya saurari labarin ƙanƙara ba. Ni dai na gamsu cewa maganar gaskiya ce, kuma shaidarta tana nan a gonakinmu da kogunanmu. Na kuma gamsu cewa ana jingina mata laifuffukan da ba nata ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke sa jama'a ƙin amincewa da ita.

Da farko, abin da ake nufi. Idan bana an yi fari, ko an yi sanyi mai tsanani a watan Janairu, wannan halin shekara guda ne, ba ya tabbatar da komai kuma ba ya ƙaryata komai. Masana sai sun tara lissafin shekara talatin kafin su ce ga yadda yanayin wuri yake. In suka ɗora talatin na baya a kan talatin na yanzu suka ga bambanci, a nan ne suke cewa an samu sauyi. Don haka mai cewa ina ɗumamar duniyar take alhali jiya da bargo biyu ya kwana, yana auna abu mai tsawo ne da awo gajere.

Mu a nan mun yi sa'a, domin akwai tashar auna yanayi a Nguru tun kafin a samu 'yancin kai. Kullum ana rubuta zafin rana da yawan ruwan da ya sauka. Wani bincike da aka buga a 1995 ya bi lissafin ruwan wannan yanki namu daga 1961 zuwa 1990, har da na Nguru da Potiskum da Maiduguri, ya gano cewa ruwan shekara ya riƙa raguwa da kimanin milimita 8 a kowace shekara. Ku tara wannan har shekara talatin, ya haura milimita 200, a ƙasar da ruwanta na shekara bai cika wuce milimita 500 ba. Kuma abin da ya fi raguwa shi ne yawan kwanakin da ruwa ke sauka. Dattawanmu ba sa buƙatar a karanta musu wannan. Sun ga farin 1973, sun ga na 1984. Sun ga shanu suna faɗuwa a kan burtali, sun ga mutanen arewa suna gangarowa da 'yan kayansu a ka. Jirgin ƙasan da ya iso Nguru a 1930, gyaɗa da ƙaro da fatu da dabbobi suka jawo shi. Farin 1973 da cutar gyaɗar da ta biyo baya a 1975 suka karya bayan noman gyaɗa a arewa, bai kuma koma yadda yake ba.

A nan mai shakka zai tare ni, ya ce: to malam, kun ce hamada na tahowa, kun ce ruwa na raguwa, ga shi yanzu ambaliya ke cin mu. Wanne za mu ɗauka? Tambaya ce mai kyau, kuma duk wanda ya kauce mata bai yi wa jama'a adalci ba.

Gaskiya ne, daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa a yankin Sahel. Amma ruwan da ya dawo ba irin wanda ya tafi ba ne. Manoma sun riga kowa lura da haka. A da, in marka ta kama a watan Agusta, sai a kwana ana yayyafi, ƙasa tana sha a hankali. Yanzu sai hadari ya taso da guguwa, ya kwashe rufin kwano, ya zubar da ruwan mako biyu cikin awa biyu, ruwan ya gudu da taki da ƙasar sama ya bar zaizaya, sannan sama ta ɗauke har shuka ta fara lanƙwashewa. Wanda ya yi binne yana jiran ruwan shuka, sai ruwan farko ya yaudare shi, iri ya tsiro ya ƙone, ya sake shuka sau biyu ko uku. Abin da manomi ya gani da idonsa, na'urorin da ke shawagi a sararin samaniya sun tabbatar da shi. A 2017 masana suka buga sakamakon hotunan shekara 35 na waɗannan na'urori, suka nuna cewa manyan hadura masu tsananin ruwa a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne hamadar Sahara tana ƙara zafi da sauri, kuma bambancin zafi tsakaninta da ƙasashen kudu shi ke ƙara wa hadari ƙarfi. Ga kuma wata ƙa'ida da aka daɗe da sani: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin 100. Iska mai zafi tana tsotse danshin gona da sauri, ga fari ke nan. Ranar da za ta sauke kuma, ta sauke da yawa a lokaci guda, ga ambaliya. Tushensu ɗaya.

Mun ga 2022. Kogi ya shiga unguwanni a Gashuwa, ya cinye shinkafa a fadamun Bade da Jakusko, ya yanke hanyoyi. A faɗin Najeriya sama da mutum 600 suka rasu a ambaliyar wannan shekara, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Wata ƙungiyar masana ta ƙasa da ƙasa da ke bin diddigin irin waɗannan masifu ta yi lissafi, ta ce ɗumamar duniya ta sa yiwuwar samun damina mai irin wannan ruwa a yankin Tafkin Chadi ta ninka kusan sau 80. Shekara biyu bayan haka, a ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. A wannan shekarar dai, cikin azumi, aka yi zafin da har yanzu ake labarinsa. A garin Kayes na ƙasar Mali an auna digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu, kuma wani babban asibiti a Bamako ya karɓi gawa 102 cikin kwana huɗun farko na watan. Mu ma da muka yi wannan azumi a nan mun san yadda dare ya daina sanyaya ɗaki, mun san tsofaffi da jarirai nawa suka galabaita.

To me ke kawo ɗumamar? Bayaninta ba shi da wuya. Rana tana aiko da zafi, ƙasa ta karɓa, ta mayar da wani sashe sama. A cikin iskar da ta lulluɓe duniya akwai wasu sinadarai, babbansu iskar kabon, da ke riƙe wani ɓangare na wannan zafi. Haka Allah Ya tsara, kuma rahama ce, don ba domin su ba da duniya ta daskare. Ku ɗauke su kamar bargo. Bargo ɗaya a lokacin hunturu ni'ima ne. Abin da ɗan Adam ya yi cikin shekara ɗari biyu da suka wuce shi ne ya haƙo kwal da man fetur da gas daga ƙarƙashin ƙasa yana ƙonawa a masana'antu da motoci da jirage da tashoshin lantarki, hayaƙinsu yana ƙara wa bargon kauri, zafin da ya kamata ya fita ya kasa fita. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan. Da aka fara auna ta kullum a kan wani dutse a tsibirin Hawai a 1958, ta kai 315. Yau ta haura 420. Kuma wannan ilimi ya girmi duk wata ƙungiyar agaji: tun 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafi da alƙalami ya ce ƙara wannan iska zai ɗumama duniya. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da ƙarin kusan digiri ɗaya da rabi a kan zamanin da.

Wani zai ce yaya hayaƙin Sin ko Amurka zai iso Gashuwa? Iska ba ta san iyaka ba. Ƙurar hunturun da ke rufe mana ido, mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, kuma an bi sawunta har ta ƙetare tekun Atlantika ta sauka a dazuzzukan Brazil. Tsuntsayen da ke sauka a tafkin Dagona lokacin sanyi daga Turai suke zuwa. In ƙurarmu tana zuwa can, hayaƙinsu ma yana zuwa nan.

Yanzu ga magana mafi nauyi, wadda ake faɗa da zuciya ɗaya kuma dole a amsa ta da ladabi. Ana cewa ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so, Shi ke riƙe shi, don haka batun sauyin yanayi shisshigi ne cikin ikonSa. Ni Musulmi ne, kuma na yi imani babu ɗigon da zai sauka sai da izininSa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Allah Yana gudanar da al'amuranSa ta hanyar sababi. Haihuwa ta Allah ce, duk da haka sai an yi aure. Arziki na Allah ne, duk da haka sai an fita gona. In mutum ya toshe magudanar ruwa a ƙofar gidansa ruwa ya rushe katangar maƙwabcinsa, alƙali ba zai sallame shi don ya ce ƙaddara ce ba. Alƙur'ani ya sha yi mana kashedi a kan ɓarna a bayan ƙasa da abin da hannayen mutane ke jawowa. Ku tuna kuma Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da aka sanar da shi shekarun fari na tafe, tanadin shekara bakwai ya tsara, ya sa aka bar hatsi a zangarniyarsa, ya ceci Masar da maƙwabtanta. Sanin abin da ke tafe da yin shiri dominsa aikin annabawa ne. Mu fita sallar roƙon ruwa, mu tuba, mu yi sadaka. In mun dawo daga filin kuma mu tambayi kanmu wane sababi ne ke hannunmu.

Sai masu cewa ai an saba, kakanninmu ma sun ga fari. Haka ne. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, lokacin babu ko mota a yawancin ƙasar nan. In ma nesa ake so, a jihar nan tamu ta Yobe, a ƙauyen Dufuna na ƙaramar hukumar Fune, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa kusan 8,000. Wato a lokacin ruwa ya yalwata a wannan ƙasa, Tafkin Chadi ya ninka na yanzu sau da yawa. Babu masanin da ke musun yanayi ya sha sauyawa. Su ne ma suka tono wannan tarihi. Amma waɗancan manyan sauye-sauye sun ɗauki dubban shekaru, sun bi 'yar karkatar da duniya ke yi a zagayenta na rana. Na yanzu cikin rayuwar mutum ɗaya yake faruwa. An kuma binciki sauran waɗanda ake zargi. Tun 1978 na'urori a sararin samaniya ke auna ƙarfin rana, ba ta ƙara zafi ba, amma duniya tana ta ɗumama. Abin da ya ƙaru shi ne hayaƙin. Fari tsohon abu ne a ƙasarmu, ɗumamar duniya kuwa ta zo ta same shi ta ƙara masa ƙarfi.

Akwai wani abu a tarihin farin 1973 da 1984 da nake so makiyaya da manoma su ji, don ya shafi mutuncinsu. A wancan lokaci, masana da yawa a Turai da Amurka sun ce mu muka jawo wa kanmu: dabbobinmu sun yi yawa, mun sare daji, shi ya sa ruwa ya ɗauke. An yi shekaru ana ɗora wa Bafulatani da talakan ƙauye wannan laifi. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa babban dalilin yana cikin teku. Ruwan damina daga tekun Atlantika iska ke kawo mana shi, kuma a waɗannan shekaru arewacin tekun ya yi sanyi in an gwada da kudancinsa, sai damina ta kasa hawowa arewa yadda ta saba. Cikin abubuwan da suka sanyaya shi har da wani nau'in hayaƙi mai farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana. Wani malami da ya koyar a jami'a a Kano, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri, yamma da Nguru, yana rubuta yadda mutane suka tsallake waɗannan shekaru, kuma abin da ya tarar dabara ce da juriya, ba sakaci ba. Wannan ba ya wanke gatarinmu. Sare itace bai hana hadari tasowa daga teku ba, amma shi ke kwance rairayi. Wanda ya je Tulo-Tulowa ko Bulatura a Yusufari, ko ƙauyukan Yunusari, ya ga tudun yashi yana tafiya yana binne gona da rijiya da gida, ya san abin da rashin itace ke yi. Buhunan gawayin da ke fita daga dazuzzukanmu a manyan motoci, wannan aikin hannunmu ne.

Wannan ya kawo ni kan kogi, inda nake ganin masu shakka suka fi gaskiya. Masunci a tafkin Nguru ko mai noman shinkafa a fadamar Bade zai ce maka: ku bar mu da zancen hayaƙi, mu mun san ranar da ruwanmu ya lalace. Kuma ya san abin da yake faɗa. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ke malalowa su cika wannan fadama, su haɗu kafin Gashuwa su zama Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam har Tafkin Chadi. Tun kaka da kakanni tsarin a bayyane yake: da damina ruwa ya cika ya bazu, a yi shinkafa, kifi ya hayayyafa, da rani ya janye, a shuka wake da kayan lambu a danshin da ya bari, makiyaya su shigo da dabbobi, rijiyoyi su cika daga ƙasa. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa, dukansu a jihar Kano. Daga nan kogin Haɗeja ya daina bin damina, ya koma bin ƙofar dam. Cikar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kachala ke so. Ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta, wasu rassan kogin suka toshe, ruwa ya karkata ta mashigin Marma ya taru a wajen Nguru. Sai aka wayi gari ƙauye guda gonakinsa sun nutse shekara da shekaru, na gaba da shi kuma yana kukan ƙishirwa. Kachalar ta zama makwancin tsuntsayen jan baki, su tashi da safe su sauka a kan gero da shinkafa. Yau mafi yawan ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Gashuwa na Jama'are ne, shi ya sa duk lokacin da aka tayar da batun dam ɗin Kafin Zaki a jihar Bauchi hankalin mutanen Yobe da Borno ke tashi.

Wannan ba ɗumamar duniya ba ce. Shawara ce da mutane suka yanke a ofis, kuma mutane za su iya gyara ta. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, a shekarar 2000. A 2006 gwamnonin jihohin da kogin ya ratsa suka zauna a Damaturu suka kafa asusun kula da shi. Takardu sun cika. Saboda haka ina jin zafi in ga jami'i ya zo jaje bayan ambaliya ya ce sauyin yanayi ne, ya raba buhun shinkafa da tabarma, ya shiga mota. Sauyin yanayi ne ya ƙaro ruwan, na yarda. Amma wa ya bar magudana a toshe? Wa ya sayar da fili a kan hanyar ruwa? Wa ya karɓi kuɗin gyaran jinga? Duk lokacin da aka fake da sauyin yanayi aka ɓoye sakaci, an ƙara wa masu shakka mutum ɗari, kuma da hujjarsu. Abin da ya sa batun ya fi gaggawa shi ne abubuwan biyu suna haɗuwa: ruwan sama mai ƙarfi yana sauka a kan kogin da hanyoyinsa suka toshe.

Matasa kuma nasu zargin daban ne. Suna cewa Turawa sun gama gina ƙasashensu da kwal da mai, yanzu suna son hana mu, 'yan ƙungiyoyi kuma abinci suka samu. Rabin wannan magana gaskiya ce. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawari a 2009 cewa kafin 2020 za su riƙa ba da dala biliyan 100 duk shekara don taimaka wa ƙasashe irin namu, ba su cika a kan lokaci ba. Sai a 2022, a taron sauyin yanayi na Masar, aka amince a kafa asusun biyan asarar da irinmu ke yi. Amma ku duba inda wannan ke kai mu. In an zalunce ka, musun cewa an yi ɓarnar ba zai amfane ka ba, sai dai ya amfani wanda ya yi ta. Kuma tarihi ya nuna su wa suka kashe kuɗi don a yi shakka. Masanan kamfanin mai na Exxon sun yi nasu lissafin tun ƙarshen shekarun 1970, sun hango ɗumamar kusan daidai yadda ta zo, amma kamfanin ya shafe shekaru yana sa jama'a kokwanto. Matashin Nguru da ke yaɗa cewa sauyin yanayi ƙarya ne, yana yi wa masu kuɗin duniya aiki kyauta, kuma gonar mahaifinsa ce ke biya.

Abin yi fa? Hayaƙin duniya ba a hannunmu yake ba, amma ba a ɗaure muke ba. Ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 suka koma abin da suke kira sassaben zamani: in ana sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran, a kare su daga dabbobi. Ba shuka, ba ban ruwa, ba kuɗi. Da wannan aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200, gawo da kalgo da aduwa da magarya. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne an bar wa manomi itacen gonarsa ya zama nasa. Ina roƙon masarautun Nguru da Bade da Machina su ɗauki wannan da kansu, ta hannun hakimai da lawanai da bulamai, don sun fi kowace hukuma isa ga manomi. Akwai irin gero mai saurin nuna, irin sosat, wanda cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta yaɗa. Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace ƙaramar hukuma. Hasashe ne, yana iya kuskure, amma ya fi shuka a kan ruwan farko da ka. Ya kamata a karanta shi da Hausa da Kanuri da Bade da Fulatanci a kowace kasuwa kafin watan Mayu. Lokacin bazara kuma a kula da tsofaffi da masu ciki da yara, a sha ruwa kafin ƙishi ya kama, a rage aikin ƙarfi da tsakar rana.

Ga gwamnati kuwa, buƙatunmu a fili suke. Shirin ganuwar itatuwa ta Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, Yobe na cikin jihohi 11 da ya shafa. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya dala miliyan 700 ne ga jihohin arewa 19 da Abuja, kuma rance ne da 'ya'yanmu za su biya. Muna son a riƙa gaya mana itatuwa nawa suka rayu bayan shekara uku, ba nawa aka dasa ranar biki ba. Muna son hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta zauna da mutanen ƙasan kogi a kan jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa, ta kuma sanar da mu kwanaki kafin ta saki. Muna son yashe magudanai da cire kachala su zama aikin kowace shekara. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da shirin raya yankin busasshiyar ƙasa da ke Garin Alƙali, su fito da abin da suka sani daga cikin takarda su kawo shi dandali.

Ku kuma masu sauraro, musamman wanda har yanzu bai gamsu ba, ba na neman ku yarda don na faɗa. Ku sami littafi guda a kowace unguwa da kowane ƙauye, a ajiye shi wajen liman ko shugaban makaranta. A rubuta ranar ruwan farko, ranar shuka, sau nawa aka sake shuka, kwana nawa sama ta ɗauke a tsakiyar damina, ranar da kogi ya cika da inda ya tsaya. A zauna da tsofaffin da suka ga 1973 tun suna raye, a rubuta abin da suka tuna na gonaki da tafkuna da irin kifin da ake kamawa a da. Da wannan littafi za ku auna maganata, da shi kuma za ku tsaya gaban duk jami'in da ya zo muku da bayani. A fara daga daminar bana.